Baikon godiya: Dalilin da ke sa Kirista kai dukiyarsa coci, da inda kuɗin ke zuwa

Daga ƙarshen watan Oktoba zuwa farkon Disamba, lokacin da aka yanke dawa aka ɗaure dammuna, duk wanda ya bi ta ƙofar wata majami'a a Jos ko Kafanchan ko Numan ko Biliri ranar Lahadi da hantsi zai iya ganin abin da zai tsayar da shi. Mata sanye da zane iri ɗaya suna tafe a jere, suna rausaya da kiɗan tulu, kowace da ƙwarya ko daro a ka. Maza na biye da su, wani da buhun masara a kafaɗa, wani da damin doya, wani na janye da ɗan akuya. A bayansu kuma ga ma'aikacin gwamnati da ɗan kasuwa, waɗanda ba su da gona, kowanne riƙe da ambulan.

Wannan ita ce ranar godiyar kaka, ranar da ikilisiya ke keɓewa sau ɗaya a shekara domin mabiyanta su kawo wani abu daga cikin abin da suka samu, su ajiye a gaban bagade. Ga na waje, abin na iya kama da bikin tara kuɗi. Ga wanda ke cikin sahun kuwa, ibada ce, kuma sunanta godiya.

Sai dai duk inda kuɗi suka haɗu da addini, tambayoyi ba sa ƙarewa. Nawa ya kamata a bayar? Wajibi ne ko ganin dama? Wa ke riƙe da abin da aka tara? Kuma a wannan zamani da albashi ba ya kai mutum ƙarshen wata, ina iyakar godiya, ina kuma farkon tatsa? Amsar waɗannan tambayoyi ta shafi miliyoyin gidaje a Najeriya, ta kuma shafi maƙwabtan da ke zaune da su a unguwa ɗaya, kasuwa ɗaya da ofis ɗaya.

Kalmomin da ake amfani da su

Kiristocin da ke ibada da harshen Hausa suna da kalmominsu na wannan fanni, waɗanda suka zauna daram tun bayan da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932.

Ta farko ita ce zakka, wasu kuma su ce ushiri, wato kashi ɗaya cikin goma na abin da mutum ya samu. Ta biyu baiko, shi ne abin da ake sakawa a jaka ko kwando ko akwati yayin sujadar Lahadi, kuma ba shi da ƙayyadadden adadi. Ta uku nunan fari, wato farkon abin da gona ta bayar, wanda a birane wasu ke fassarawa da albashin farko na sabon aiki ko na sabuwar shekara. Ta huɗu kuwa ita ce baikon godiya, wanda mutum ko iyali ke kawowa saboda wani alheri na musamman: an haihu lafiya, an tashi daga jinya, an tsira daga hatsarin mota, yaro ya gama makaranta, an samu ƙarin girma, ko an yi ritaya ba tare da tabo ba. Akwai kuma alkawari, inda mutum ke ɗaukar nauyin wani adadi domin gini ko wani aiki, ya riƙa biya a hankali.

Kalmar zakka kan jawo ruɗani, domin Musulmi da Kirista duk suna amfani da ita, alhali ma'anar ba ɗaya ba ce. A Musulunci zakka rukuni ce, tana da nisabi, ana fitar da kashi biyu da rabi cikin ɗari na kuɗin da suka shekara, kuma an ƙayyade waɗanda za a ba. A coci kuwa babu nisabi, ba a jiran shekara, ana lissafi ne kan abin da ya shigo hannu, kuma galibi ikilisiya ake kai wa. Inda suka fi kusa shi ne amfanin gona, domin a fiƙihun Musulunci ma ɗaya cikin goma ake fitarwa daga abin da ruwan sama ya shayar.

Tushen abin a cikin nassi

Dalilin da malaman coci ke farawa da shi ba na lissafi ba ne. Koyarwar ita ce, ƙasa da abin da ke cikinta na Allah ne, ɗan Adam kuwa wakili ne da aka damƙa wa amana. Saboda haka wanda ya kawo baiko bai ba Allah abin da Allah ya rasa ba, ya dai mayar da kaɗan daga abin da aka ba shi, domin ya shaida cewa ya san inda abin ya fito. Wannan ita ce ma'anar addu'ar da Sarki Dawuda ya yi a Littafin Tarihi na Ɗaya, sura ta 29, lokacin da jama'a suka tara dukiya domin ginin Haikali.

An fara ambaton ɗaya cikin goma a Littafin Farawa, sura ta 14, inda Ibrahim ya ba Malkisadik ushirin ganima bayan ya dawo daga yaƙi. A sura ta 28 kuma Yakubu ya yi wa'adi a Betel cewa idan Allah Ya kiyaye shi a tafiyarsa zai fitar da ushiri. A duka wuraren biyu babu wanda ya umarce su, godiya ce ta motsa su.

Daga baya Shari'ar Musa ta mayar da abin doka ga Isra'ilawa. Aka ce a fitar da ushirin hatsi da na 'ya'yan itatuwa, da kowace dabba ta goma a garke. Aka ba Lawiyawa, ƙabilar da ba ta samu rabon ƙasa ba saboda an keɓe ta ga hidimar ibada, su ma kuma aka ce su fitar da ushiri daga abin da suka karɓa. Wani abin da ba a cika ambata ba shi ne, a Maimaitawar Shari'a sura ta 14 an ce duk shekara ta uku a tara ushirin a cikin gari domin Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa su ci su ƙoshi. Wato tun asali, rabon mabukaci yana cikin abin.

Nassin da aka fi karantawa a kan mumbari ranar da za a yi maganar zakka shi ne Malakai sura ta 3, inda aka zargi jama'a da yi wa Allah ƙwace saboda sun riƙe ushiri, aka kuma yi alkawarin albarka ga wanda ya kawo shi cikakke.

A Sabon Alkawari kuwa nauyin magana ya koma kan zuciyar mai bayarwa. A Markus sura ta 12, Yesu Almasihu ya zauna yana kallon masu zuba kuɗi a baitulmalin Haikali, attajirai na zuba da yawa, sai wata matalauciyar gwauruwa ta saka anini biyu, ya ce ta fi su duka, domin su daga rarar dukiyarsu suka bayar, ita kuwa iyakar abin hannunta ke nan. A Luka sura ta 17 an ba da labarin kutare goma da aka warkar, ɗaya kaɗai ya komo ya yi godiya. Manzo Bulus kuma, a wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Korantiyawa, surori na 8 da 9, ya koyar cewa kowa ya bayar yadda ya ƙudurta a ransa, gwargwadon abin da yake da shi, ba da ɓacin rai ko tilas ba. Abin lura shi ne, gudummawar da Bulus ke tarawa a lokacin ta matalautan masu bi ce da ke Urushalima.

Yadda al'adar ta iso nan

A ƙarnonin farko na Kiristanci bayarwa ta ganin dama ce. A Turai ne aka mayar da ushiri doka: taron limaman coci da aka yi a Makon ta ƙasar Faransa a shekarar 585 ya wajabta shi, sannan Sarki Shalaman ya sa shi cikin dokar ƙasa a 779. A Ingila an daɗe ana karɓar sa da hatsi da dabbobi, sai a 1836 aka mayar da shi kuɗi. Har yau a Jamus gwamnati ce ke cire harajin coci daga waɗanda suka yi rajista a matsayin mabiya, kashi 8 ko 9 cikin ɗari na harajin da suke biya kan abin da suke samu. Shi kuma bikin godiyar kaka a sigarsa ta yanzu, inda ake ƙawata majami'a da amfanin gona, ana danganta shi da wani limamin Angilika mai suna Robert Hawker, wanda ya fara shi a wani ƙauye na kudu maso yammacin Ingila a 1843.

Najeriya ba ta taɓa samun harajin coci irin na Turai ba. Abin da ya kafa al'adar a nan shi ne manufar da Henry Venn, sakataren ƙungiyar mishan ta CMS a tsakiyar ƙarni na 19, ya yaɗa, cewa ikilisiyar da aka kafa a wata ƙasa dole ta ciyar da kanta, ta mulki kanta, ta kuma yaɗa kanta. Ƙungiyoyin mishan da suka shigo Arewa sun bi wannan hanya: SIM, wadda jagororinta uku suka sauka Legas a 1893, SUM ta Karl Kumm, wadda ta yada zango a Wase a 1904, 'yan Lutheran daga Denmark da suka isa Numan a 1913, da kuma 'yan Brethren daga Amurka da suka fara aiki a Garkida a 1923.

A ƙauyukan da waɗannan ƙungiyoyi suka yi aiki, kuɗi ba su da yawa a hannun mutane. Don haka baiko ya zama ƙwarya ta dawa, ƙwai, kaza, ko yinin aiki. Jama'a ne ke kwaɓa ƙasa su gina majami'a, su yi mata jinka, su kuma yi gayya a gonar mai bishara. Abin bai zo musu a baƙo ba, domin kafin zuwan Kiristanci yawancin al'ummomin yankin suna da al'adar cewa ba a taɓa sabon amfanin gona sai an fitar da na godiya.

Lokacin da ikilisiyoyin suka tsaya da ƙafarsu, kamar ECWA a 1954, da kuma COCIN da EYN da LCCN da sauran waɗanda suka haɗu a ƙarƙashin inuwar TEKAN a 1955, nauyin ya dawo kacokan kan mabiya. Tun a 1948 Kiristocin da suka fito daga aikin SIM suka kafa ƙungiyar aika masu bishara ta kansu, wadda yanzu ake kira EMS, kuma da baikon talakawa aka riƙa ɗaukar nauyinta. Wannan tarihi ne ya sa dattawan coci ke cewa ba attajirai suka gina ikilisiyar Arewa ba, masu anini ne.

Yadda ranar godiya ke gudana

Ana sanar da ranar makonni kafin ta zo, a kafa kwamiti, a raba ambulan. Idan ranar ta yi, bayan wa'azi sai a fara kiran rukuni-rukuni: zumuntar mata, zumuntar maza, matasa, mawaƙa, yaran makarantar Lahadi, wani lokaci kuma unguwa-unguwa ko iyali-iyali. Kowane rukuni na fitowa da waƙa, ya ajiye abin da ya kawo, fasto ya yi addu'a.

Abin da ake kawowa na nuna arzikin yankin. A tsaunukan Filato za a ga acca da dankalin Turawa, a kudancin Kaduna citta da masara, a Binuwai da Taraba doya, a kudancin Gombe da Adamawa dawa da gyaɗa da wake. A manyan birane kamar Kaduna da Abuja da Sabon Garin Kano kuwa, ambulan ya fi yawa, sai katan-katan na kayan masarufi daga 'yan kasuwa.

Bayan sujada, a majami'u da dama, musamman na Katolika da Angilika, akan yi gwanjon kayan. A nan ne kan ga an sayi zakara ɗaya da kuɗin da ya ninka na kasuwa sau da yawa, domin mai saye ya san ba zakara yake saye ba, gudummawa yake bayarwa. Wasu majami'un kuma ba sa sayarwa, suna zuba hatsin a rumbu domin ma'aikatan coci da gwauraye da marayu.

Zamani ya taɓa wannan ma. Ƙarancin takardun Naira da aka yi fama da shi a farkon 2023 ya sa majami'u da yawa manna lambar asusun banki a bango ko ajiye na'urar POS a bakin ƙofa, kuma al'adar ta zauna.

Lissafin ma'aikaci da na ɗan kasuwa

Ga mai albashi lissafin a fili yake. Wanda ke karɓar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000, wanda aka sa wa hannu a watan Yulin 2024, ushirinsa Naira 7,000 ne. Inda ake saɓani shi ne ko za a lissafa kafin a cire haraji da fansho ko bayan an cire. Akwai malaman da ke kan kowane ɓangare, yawanci kuma suna barin hukuncin ga lamirin mai bayarwa.

Ga ɗan kasuwa kuwa akwai tarkon da ya kamata a gane. Abin da ya shiga aljihun tebur da yamma ba shi ne samu ba. Wanda ya sari kaya na Naira 500,000 ya sayar a 560,000, ya kashe 20,000 a dako da haya, ribarsa 40,000 ce, ushirinta kuma 4,000. Idan ya yi kuskure ya lissafa kan cinikin gaba ɗaya, zai fitar da 56,000, wato ya cinye ribar duka ya kuma gutsuri uwar kuɗi. Wanda ya ci gaba da yin haka zai rufe shago. Shi ya sa malaman da suka san kasuwa ke cewa daga ƙaruwa ake fitarwa, ba daga jari ba, kamar yadda manomi ba ya fitar da ushiri daga irin da zai shuka baɗi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wannan lissafi ya ƙara nauyi. Naira 7,000 ga mai ƙaramin albashi kuɗin mota ne na kwanaki, ko kwanukan hatsi da gida ke jira. Wanda ya fitar da su duk da haka, ya yi abin da ya taɓa cikinsa. Wannan ne ya sa tambayar inda kuɗin ke zuwa ta zama mai girma.

Ina kuɗin ke zuwa?

A tsofaffin ikilisiyoyi masu tsari, abin da aka tara ba na fasto ba ne. Dattawa ko wani kwamiti ne ke ƙirgawa, mutum biyu ko fiye, a rubuta a littafi, ma'aji ya kai banki. Daga nan ake biyan albashin fasto da sauran ma'aikata, a biya wuta da gyaran gini, a tura wani kaso zuwa gunduma da hedkwata, a ware na masu bishara da ke ƙauyuka, da na jinƙai. Dokar Cocin Katolika ta wajabta wa kowace ikilisiya samun kwamitin kuɗi da zai taimaka wa fada, ta kuma ɗora wa mabiya nauyin tallafa wa coci ba tare da ta yanka musu kashi goma ba. A cocin Adventist kuwa, ushiri ba ya zama a majami'ar da aka karɓe shi, ana tura shi sama ne, daga can a biya fastoci.

Ana iya ganin sawun wannan kuɗi a ƙasa. Asibitin mishan na Vom, wanda aka fara a 1922, da na Wusasa a Zariya, da asibitin ECWA na Jos wanda yanzu ya zama asibitin koyarwa na Jami'ar Bingham, duk sun fara da tallafin waje, amma ikilisiyoyin gida ne suka gaje su, kuma suna karɓar marasa lafiya ba tare da tambayar addininsu ba.

An kuma ga amfaninsa a ranar wuya. A 2014, shekarar da aka sace 'yan matan Chibok, waɗanda akasarinsu 'ya'yan cocin EYN ne, mayaƙan Boko Haram sun mamaye hedkwatar cocin da ke Kwarhi kusa da Mubi a watan Oktoba, shugabanninta suka koma Jos na wani lokaci. A Yola, babban cocin Katolika na St. Theresa ƙarƙashin Bishop Stephen Dami Mamza ya buɗe ƙofarsa ga dubban 'yan gudun hijira, Kirista da Musulmi. Taimako ya zo daga ƙasashen waje, amma kwanon farko da aka ɗora a wuta daga hannun masu ibada na gida ya fito.

Inda ake taƙaddama

Ba duka Kiristoci ne suka yarda cewa ushiri wajibi ne a yau ba. Masu cewa wajibi ne suna kafa hujja da cewa Ibrahim ya bayar tun kafin Shari'ar Musa, kuma a Matiyu sura ta 23, da Yesu ya tsauta wa Farisiyawa kan fitar da ushirin ganyayen miya alhali sun bar adalci da jinƙai, bai ce su daina ba. Masu cewa ba wajibi ba ne kuwa suna cewa ushirin Tsohon Alkawari abinci ne na Lawiyawa da Haikali, kuma babu inda manzanni suka yanka wa ikilisiya kashi goma.

Muhawarar ta fito fili a Najeriya a 2017, lokacin da mai gabatar da shirin rediyo da aka fi sani da Daddy Freeze ya riƙa ƙalubalantar manyan fastoci kan batun. Fasto Abel Damina na Uyo ma ya yi fice wajen koyar da cewa ushiri ba dole ba ne ga Kirista. A watan Oktoban 2024 kuma, shugaban cocin Redeemed, Fasto Enoch Adeboye, ya fito ya nemi afuwa kan maganar da ya taɓa yi cewa wanda ba ya biyan ushiri ba zai shiga aljanna ba, ya amsa cewa wannan ba ya cikin Littafi Mai Tsarki, ko da yake bai daina ƙarfafa bayarwa ba.

Taƙaddama mafi zafi ita ce ta koyarwar shuka iri, wadda ake dangantawa da mai wa'azin nan na Amurka, Oral Roberts, ta kuma yaɗu a Najeriya tare da bunƙasar cocin Fentikos tun zamanin Archbishop Benson Idahosa na Benin, wanda ya rasu a 1998. A wannan koyarwa, kuɗin da aka bayar iri ne da zai tsiro ya dawo ninki-ninki. Masu goyon baya na cewa nassi da kansa ya kwatanta bayarwa da shuka. Masu suka kuwa na cewa an juya abin kai a ƙasa: godiya tana kallon alherin da aka riga aka samu, ciniki kuwa yana kallon ribar da ake jira. Wanda ya bayar domin a ninka masa, jari ya zuba, kuma idan bai ga riba ba zai zargi Allah ko ya zargi kansa. Suna tunatarwa da labarin Siman mai sihiri a Ayyukan Manzanni sura ta 8, wanda ya miƙa kuɗi domin ya sayi baiwar Allah, Bitrus ya tsawata masa.

Akwai kuma matsin lambar da ba a faɗa da baki. Idan ana kiran sunaye da adadi a lasifika, mai ƙaramin ƙarfi kan ji kunya, har wani ya ci bashi domin kada a raina shi. Nassi ya taɓo wannan: Matiyu sura ta 6 ta gargaɗi masu yin sadaka domin a gani, wasiƙar Yakubu sura ta 2 ta hana ba mai zoben zinariya kujerar gaba a bar talaka a tsaye. A Markus sura ta 7 kuma Yesu ya soki waɗanda ke hana iyayensu taimako da hujjar cewa sun keɓe dukiyar ga Allah. Ma'ana, wanda ya bar gidansa da yunwa ko ya danne haƙƙin yaron shagonsa domin ya cika ambulan, bai fahimci abin da ake nema ba.

Amana da doka

Hukuma ma ta taɓa shiga maganar. A watan Janairun 2017 wata ƙa'idar Hukumar Kula da Rahotannin Kuɗi, wadda ta taƙaita wa'adin shugabannin ƙungiyoyin da ba na neman riba ba, ta jawo ce-ce-ku-ce, har gwamnati ta dakatar da ƙa'idar ta kuma sauke shugaban hukumar, Jim Obazee. A watan Agustan 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar kamfanoni ta CAMA, wadda sashe na 839 nata ya ba Hukumar Rajistar Kamfanoni damar dakatar da amintattun ƙungiya idan aka samu almundahana. Ƙungiyar Kiristoci ta Najeriya, CAN, ta yi fatali da sashen, tana ganin ƙofa ce ta katsalandan a harkar addini.

Amma ko babu dokar gwamnati, ka'idar riƙon amana tana cikin littafin da coci ke karantawa. A Sarakuna na Biyu sura ta 12, firist Yehoyada ya huda murfin akwati ya ajiye kusa da bagade, kuma idan ya cika, magatakardan sarki da babban firist ne ke ƙirgawa tare. Bulus ma bai yarda ya ɗauki gudummawar Urushalima shi kaɗai ba, sai da ikilisiyoyi suka zaɓi waɗanda za su raka kuɗin, domin kada a samu abin zargi. Idan manzo bai ɗauki neman shaida a matsayin raini ba, da wuya wani shugaba na yau ya ce tambayar lissafi rashin bangaskiya ce. Ciki da gaskiya, wuƙa ba ta huda shi.

Alamomin wurin da ake riƙon amana ba ɓoyayyu ba ne: asusun banki da sunan coci ba da sunan mutum ba, masu sa hannu fiye da ɗaya, rasit ga wanda ya nema, rahoton shiga da fita da ake karanta wa jama'a, masu binciken kuɗi daga waje, da kuma kaso bayyananne na gwauraye da marayu da marasa lafiya.

Hausawa na cewa yaba kyauta tukuici. Tukuici ba kuɗin kaya ba ne, ba ya kai darajar kyautar, kuma ba a yin cinikinsa. Alama ce kawai cewa saƙo ya iso, an kuma ji daɗi. Da wannan ido ne yawancin waɗanda ke shiga sahun ranar godiyar kaka ke kallon abin da ke hannunsu. Tsohuwar da ta ɗauko mudun acca daga rumbun da bai cika ba, da malamin makarantar da ya cire dubu bakwai daga albashin da aka yi jinkirin biya, sun yi nasu. Saura ya rage ga waɗanda za su ƙirga abin bayan an tashi daga sujada.